Yadda Na Rage wa Maza Biyar Gudu

Abin da kowa ke faɗa a kan aikina ba haka yake ba, kuma na gaji da gyara wa mutane ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Wai a sa kaset a na'ura, a danna jan maɓalli, a tafi shan shayi, a dawo a tarar murya ta koma cikin waya. Ƙannena haka suke cewa. Ƙawayen da muka gama sakandare tare haka suke cewa. Masu ɗan wayon cikinsu su ƙara da, "To ina amfaninsa ma, ya Asiya? Komai yana intanet." Komai ba ya intanet. Wanda ke can ɗin ma, sau da yawa suna ne kawai ya zo ɗaya.

Shagonmu yana unguwar Sultana a Madina, a wani lungu bayan masu gyaran waya. Na Kawu Bashir ne, yayan mahaifiyata, wanda duk layin ke kira Usta. Daga Sudan ya zo tun ba a haife ni ba, yana gyaran rediyo da rikoda. Da kasuwar rediyo ta mutu, sai ya koma juye tsofaffin kaset da faifai zuwa waya: karatun malaman da suka rasu, wa'azi, kiɗan biki, da gaisuwar da dangi ke aikowa daga Kano ko Abeshe zamanin da ba kowa ke da waya a aljihu ba.

Aikin da zan ba ku labarinsa ya shigo ne a hannun Hajiya Batula, 'yar Bur Sudan, ƙawar kakata, tana zaune a unguwar Bani Harisa. Autanta Faisal na biye da ita yana latsa waya. Ta kwance bakin mayafi ta ajiye kaset a kan tebur, zarensa a waje, ya cukurkuɗe kamar taliyar da yaro ya yi wasa da ita.

"Usta, ka taimake ni," ta ce. "Idi ya daina cin abinci."

Baba Idi mijinta ne. Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi bara, ta tafi da maganarsa da hannunsa na dama. Tun daga nan ba ya buɗe wa cokali baki sai an kunna masa wannan kaset ɗin. Rannan rikoda ta cinye zaren, Faisal ya fizgo shi da ƙarfi, shi ke nan. Tun ranar sai ruwa, shi ma da ƙyar. Likita ya ce in aka ci gaba a haka za a zura masa roba ta hanci a riƙa ɗura masa abinci. Hajiya ta ce mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana sauke kayan jirgin ruwa a kafaɗa, in ya buɗe ido ya ga roba a hancinsa, baƙin ciki ne zai ƙarasa shi, ba ciwon ba.

"Me ke ciki, Hajiya? Karatu ne?" na tambaya.

Faisal ya kau da kai. Hajiya ba ta kau da komai ba.

"Waƙa ce, 'yata. Ta baƙaƙen Amurka, maza biyar. 'Yan Biyar muke ce musu. Sunansu na Turanci ba ya zama a bakina."

Faisal ya amsa da Larabci, yadda 'yan nan suka saba, kana musu Hausa suna mayar maka da Larabci. Ya ce shi ya riga ya nemo sunan, ya sauke waƙoƙinsu kaf a waya, ya kunna wa uban, uban ya juya fuska bango. "Kuma ma," ya ce, "tsoho, a Madina, a waɗannan shekarun, a ce waƙa..."

"Kai, rufe min baki," Hajiya ta ce. "Sallarsa a zaune ta fi taka a tsaye tsawo. In kai za ka ci masa abincin, bismilla."

Kawu ya turo min kaset ɗin da yatsa ɗaya. "Naki ne," ya ce. Kunnensa ya fara nauyi, ya sani, na sani, ba ma zancen.

To ku da ke cewa danna maɓalli ne, ku zo ku danna. Zaren da ya cukurkuɗe ba a nuna masa na'ura. Kwance ƙananan sukurorin gidan kaset za ki yi, ki buɗe shi a kwance, don in kika buɗe a tsaye sauran zaren ya zubo miki a cinya. Ki ɗauke 'yan faifan biyu da zaren ke naɗe a kai ki mayar da su sabon gida. Ki duba ɗan soson da ke danne zare a jikin kan na'ura, don in ya faɗi murya za ta riƙa zuwa tana tafiya kamar mai magana a cikin iska. Inda ya tsinke ki yanka da reza a karkace, ki haɗa baki da baki, ki liƙe ta baya, ɓangaren mai sheƙi. Ba da selotef ɗin kanti ba. Selotef ɗin kanti ko bazara ɗaya ba ya yi a Madina, danƙonsa ya narke ya bi sauran zaren. Kayan aikina ke nan: reza, ƙaramar sukudireba, auduga, sibirto na goge kan na'ura, da biro mai kusurwa na naɗe zare. Kwamfuta ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce mafi sauƙi.

Da na fara zuwa shagon, Kawu bai bar ni na taɓa ko filogi ba. Kwali ya ba ni cike da kaset ɗin da masu su suka yafe, ya ce in tsinka in haɗa. Na tsinka na haɗa har na fara mafarkin zare. In na kai masa, sai ya sa a na'ura ya rufe ido, ya ɗaga yatsa daidai inda na liƙe. "Nan," ya ce. "Hannunki na gudu, kunnenki na barci." Ni kuwa ba ni da haƙuri, kowa a gidanmu shaida ne. Na yi fushi na koma gida ya fi a ƙirga. Ranar da ya saurari ɗaya har ƙarshe yatsansa bai motsa ba, bai ce madalla ba. Ya ce, "Tayyib. Share wurin."

Shekarar korona ce ta koya min sauran. Shago a rufe wata da watanni, mukayyif mai sanyaya ɗaki a kashe, kayan mutane a ciki suna dahuwa. Da muka buɗe, kaset da yawa sun manne kamar an zuba musu zuma. Wasu masu su ma ba su dawo ba, Allah ya jiƙansu. A nan na koyi sa kaset a gwangwani tare da 'yan ƙullin nan masu shanye laima da ake samu a kwalin takalmi, a rufe a bar shi ya huce, sannan a warware da hannu kaɗan-kaɗan. Wasu sun tashi, wasu ba su tashi ba. Akwai wata mata 'yar Damagaram da muryar mahaifiyarta ta bi audugata ta tafi, ƙurar ruwan kasa kawai. Ni na gaya mata, don Kawu ya ce wanda ya riƙe aiki shi ke riƙe bakin magana.

Saboda haka da na buɗe kaset ɗin Baba Idi na san abin da nake kallo. Farkonsa lafiya, waƙa ɗaya da rabi. Daga nan zaren ya naɗe ya murje, wani wurin har haske na wucewa ta cikinsa. Abin da na tsamo daga sauran guntaye ne, nan numfashi ɗaya, can amshi biyu. Waƙa ɗaya da rabi ba ta ciyar da mutum. Dole in gane kowace waƙa daga guntunta, in nemo ta a wani wuri, in jera su yadda suke.

A nan ne aikin ya zama karatu. Da Turancina na sakandare, da ƙamus a waya, da abin da Kawu ke tunawa, na bi tarihin mutanen nan. Samari ne da suka koyi haɗa murya a coci, suka fito da ita bakin titi suna yi wa 'yan mata. Ɗaya ke jan baki, uku na shimfiɗa masa amshi, na biyar yana can ƙasa da murya kamar mai magana a cikin randa. Makaɗansu ba yawa, fiyano da ganga a hankali, sauran kiɗan duk da baki suke yin sa. Amma sunan ƙungiyar ba nasu ba ne, na mutumin da ke nemo musu aiki ne. Da suka saɓa da shi, ya sallame su gaba ɗaya, ya ɗauko wasu biyar ya sa musu kwat iri ɗaya da suna ɗaya. Na biyun nan aka cika musu waƙa da goge da ƙaho. Can da shekaru suka ja, wasu daga cikinsu suka tara sababbin yara suka sake rera tsofaffin waƙoƙin daga farko. Waɗannan na ƙarshen su ke fara fitowa in ka rubuta sunan a waya. Su ne Faisal ya sauke. Suna ɗaya, waƙa ɗaya, amma ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda ubansa ya sani babu.

Na Baba Idi na farkon ne. Ana gane su. Mai jan bakinsu yana shaƙar numfashi a fili kafin ya hau sama, kuma mai muryar randa yana shigowa tsakiyar waƙa ya yi magana, ba rerawa ba, kamar dattijo yana ba da shawara. Na bi guntayen ɗaya-ɗaya. Inda na rasa, na kira Hajiya ta yi min gunjin waƙar a waya, tana yi tana dariyar kanta. Duka na samo asalinsu, in ban da guda ɗaya da ke can kusa da ƙarshe. Na tsallake ta.

Abu ɗaya na lura da shi: muryoyin kaset ɗin sun fi na asali kauri da nauyin tafiya. Wannan ba sabon abu ba ne. Tsohon zare yana miƙewa, tsohuwar rikoda tana ja da ƙafa. Ƙa'idar aiki ita ce ki mayar da abu saurinsa na gaskiya, haka aka koya min, haka na yi. Na goge shuu ɗin, na jera komai tsaf. Ko masu waƙar ne suka ji, da sun sa min albarka.

Muka je gidan da la'asar, ni da Kawu. Baba Idi na jingine da matasai, dogo ne har a kwance, ƙasusuwan kafaɗa sun fito. Kawu ya gaishe shi, ya amsa da ido. Hajiya ta ɗauko kwanon madida, kunun nan mai kauri na mutanen Sudan, ta ɗebo a cokali. Na kunna waya. Mai jan baki ya shaƙi numfashi ya hau. Baba Idi ya saurara kaɗan, ya dube ni, ya haɗe leɓe, ya juya bango.

"Ai na faɗa," Faisal ya ce daga bakin ƙofa.

"Su ne fa, Hajiya," na ce. Na ji muryata ta tashi, Kawu ya taka min ƙafa. "Wallahi su ne. Na farkon, ba na jabun ba."

"Waƙar ce dai," Hajiya ta ce, tana mayar da cokali. "Amma waɗannan yara ne, 'yata. Namu manya ne, a natse suke. Waɗannan kamar an biyo su. Haka garmahonsa ya yi da muka zo Madina."

"Wane garmaho?" in ji Kawu.

Sai ta ba da labari. A Bur Sudan Baba Idi ya sayi garmaho da fayafayan nan a hannun wani baƙin Ba'amurke ma'aikacin jirgi, har da ɗan akwatin rage wuta. Daga shi ya ɗauki wannan kaset ɗin, kuma duk Hausawan unguwarsu daga kaset ɗinsa suka kwafa. Da suka ƙaura Madina, ya jona garmahon, sai ya haukace, yana gudu, maza suka koma kamar mata. Ya ce jijjigar hanya ce ta lalata shi. Don haushi ya haɗa shi da fayafayan ya ba abokinsa Malam Haruna, mai aikin dabino a Khaibar.

Kawu ya dafe gemu. Sai ya fara dariya, irin wadda ba ta da sauti, kafaɗa kawai ke rawa. A ɗakin mara lafiya.

"Usta, lafiya?" Hajiya ta ce.

"Ya Hajiya, ba lalacewa ya yi ba. A nan ne ya warke."

A mota ya ƙarasa min. Injin irin wannan garmahon da bugun wutar gari yake tafiya. Wutar Amurka ta fi ta Sudan saurin bugu, tamu ta nan kuma irin ta Amurka ce. Akwatin rage wuta ƙarfi yake ragewa, ba ya taɓa sauri. Wato tun ranar da garmahon ya sauka daga jirgi yake tafiyar hawainiya, ba wanda ya sani, don ba wanda ya taɓa jin waƙoƙin a wani wuri. Unguwa guda ta yi samartaka, ta yi aure, ta haihu, a kan muryar da babu ita a duniya sai a Bur Sudan.

"To yanzu wanne ne daidai?" Kawu ya tambaye ni.

"Nawa," na ce. "Amma ba ni zan ci abincin ba."

Rage wa waƙa gudu a kwamfuta ba wuya, yaro ma zai yi. Wuyar ita ce ki san inda za ki tsaya. Na koma kan waƙa ɗaya da rabin nan da ta tsira, ba wadda na gyara ba, ɗanyar. Na sa ta a kunnen hagu, ta asali a kunnen dama, ina ja da ta daman baya a hankali. In ba su haɗu ba, muryoyin na karo a tsakiyar kai kamar kwano biyu. Ina ja, ina ja, sai karon ya yi sanyi, ya ɓace, mai muryar randa ya zama mutum ɗaya. Nan na tsaya. Sauran waƙoƙin duka na ja su zuwa nan. Siririn mai jan bakin nan ya zama magidanci. Ni kaina da na saurara, sai na ga dalilin da ya sa mutanen suka riƙe abinsu.

Shuu ɗin da na goge, na mayar. Akwai shi tsakanin waƙa da waƙa a tsohon zaren, har da ƙarar saukar allura a kan faifai. Na kwafo na sa a kowace gaɓa. Sannan na yi abin da zai ba ƙannena dariya: na juye aikin daga kwamfuta zuwa kaset. Kawu na da sababbi a leda a ƙasan kanta tun zamanin da. Na karɓo rikodar gidan na canja mata roba, na goge kanta, don kada ta sake cin zare. Mutumin da ya saba jin ƙas ɗin maɓalli kafin cokali, ba za ki kawo masa waya shiru ba.

Muka koma. Wannan karon Faisal ya shigo ɗakin ya zauna, wai don ya ga ƙarshen abin. Hajiya ta danna da kanta. Ƙas. Shuu. Allura ta sauka. Fiyano ya shigo yana jan ƙafa.

Baba Idi bai juyo ba nan take. Yatsan hannunsa na hagu ne ya fara, a kan bargo, daidai inda mai muryar randa ke shigowa. Sannan ya juyo da kai. Hajiya ta kai cokali. Ya buɗe.

"Ya Allah," Faisal ya ce. Sai kuma da Hausa, wadda ban taɓa jin ya yi ba, "Baba, ci."

"Kai kuma kar ka cika shi da surutu," uwar ta ce, tana goge wa tsohon gemu. "Je ka ɗumamo sauran."

Ya ci. Waƙar farko ta wuce, ta biyu ta wuce inda tsohon zaren ya mutu, ta shiga aikina, bai ko ɗaga gira ba. Kawu na gefe ido a rufe, ina kallon yatsansa. Bai motsa ba. Kwano ya kusa ƙarewa muka iso wurin waƙar da na tsallake. Wata ta shigo a madadinta. Baba Idi ya tsaya da tauna. Ya dubi rikoda, ya dube ni. Wannan karon ba bango ya juya ba, ni ya tsare da ido, irin kallon da ake wa tela in ya kawo riga ba aljihu. Ya haɗe leɓe. Saura cokali kaɗan, ya ƙi.

"Wadda kika tsallake ita ce tamu," Hajiya ta ce a hankali.

Likita ya zo cikin satin ya auna shi, ya ce a bar zancen roba tukuna, a ci gaba da abin da ake yi. Hajiya ta aiko mana da tiren basbusa, kek ɗin nan mai zaƙi, wanda duk layin suka ci. Amma ta ce kullum haka ne, yana ci har wurin nan, sai ya tsaya ya jira, ba ya ƙarasa kwano.

Na sake nema. Waƙar bayan faifai ce, irin wadda ake cike gurbi da ita, ba ta yi suna ba, masu sake rerawa ba su ma kula ta ba. Abin da nake da shi amshi biyu ne daga murjajjen zare. Na karɓi lambar Malam Haruna a wurin Hajiya na kira. Tsoho ne mai ihu a waya. Ya ce fayafayan na nan a akwati, a ɗakin da yake tara dabino, bai buɗe ba tun da aka rufe.

"Ɗakin yana da mukayyif, Baba?"

"Dabino ne zai ji zafi?" ya ce.

Faifai a ɗakin dabino, a Khaibar, ga bazara na shigowa. In bai riga ya lanƙwashe ba, bana zai lanƙwashe. Na ajiye waya na ce wa Kawu ranar Juma'a bayan salla zan tafi.

"Wa zai kai ki?"

"Na iya tuƙi. Motarka nake so, da bargo biyu na naɗe akwatin. Faisal zai bi ni, shi zai ɗauka."

"Ya yarda?"

"Ban tambaye shi ba tukuna."